Teloli, mu tausaya wa hannuwan yaran shago kafin azumi ya kama

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana teloli, musamman masu shago, tun ba mu shiga hidimar ɗinkin Sallah ba. Shekarata 26 ina ɗinki a Fagge, amma sai bara sana'ar ta nuna mini abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Abin ya faro ne a goman tsakiya na azumi. Sai in farka cikin dare in ji babban yatsana da manuni da na tsakiya sun mutu, kamar ba a jikina suke ba, sai na yi ta yarfe hannun kafin su sake ni. Na ce sanyi ne. Na je kemis aka ba ni maganin ciwo diclofenac, na sha, na ci gaba da yanka. Ranar jajibiri almakashi ya suɓuce mini sau biyu a kan shaddar wani bawan Allah, da na zo sa rigar zuwa masallaci kuma maɓalli ya gagare ni ɓallawa. A nan jikina ya yi sanyi.

Bayan Sallah na je Asibitin Ƙashi na Dala. Likita ya kama wuyan hannuna ya nuna mini wurin da matsalar take. Ya ce akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya a nan, jijiyar da ke kai ji zuwa yatsun nan da ita da igiyoyin da ke motsa su duk ta ciki suke bi. In mutum ya wuni yana maimaita motsi ɗaya, wuyan hannu a lanƙwashe, yana matse almakashi da ƙarfi, wurin sai ya kumbura ya danne jijiyar. In aka yi sakaci naman gindin babban yatsa ya kan rame, wani lokacin sai an kai ga tiyata. Maganin da nake ta sha kuwa ciwon kawai yake rufewa, kuma yawan shansa yana illa ga ciki da ƙoda. Wata uku na yi ina kwana da abin ɗaure wuyan hannu, ina zuwa gashin ƙashi. Alhamdulillahi, na samu sauƙi.

Amma Malam Edita, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yaranmu. Yaro ɗan shekara 17 zai hau keken surfani daga bayan asham har sahur, a kan benci mara majingini, wuya a sunkuye, fitila a rage, hannu yana juya mariƙi ɗaya dubun dubata. Ya ce Oga kafaɗata, mu ce ragwanci ne. Ni da bakina na faɗa wa yarona haka, Allah ya yafe mini. Wasu daga nan suke fara neman tramadol don su kai safiya, mu kuma mu dawo muna zagin tarbiyyarsu.

Gyaran da na yi a shagona bai ci mini kuɗin kirki ba. Na fitar da bencin na sayo kujeru masu majingini. Teburin yanka na sa masa bulo a ƙafafu ya taso, na daina duƙawa a kansa. Almakashi duk sati sai an wasa, domin dakusasshe shi ke sa mutum matsewa da ƙarfi. Ba wanda zai wuce rabin awa bai miƙe ya warware yatsu da wuya ba, kuma wanda ya yi ɗinki da safe, da yamma guga zai kama ko sa maɓalli. Wanda ya fi mini wuya shi ne rufe karɓar ɗinki daga 15 ga azumi. Kuɗi ne kake gani da idonka kana mayarwa, amma na gwada ɗaya hanyar na ga inda ta kai ni.

Na san akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, har da cututtukan da aiki ke jawowa a cikinta. To wane yaron shago ne sunansa ke can? In hannunsa ya lalace, gida zai koma ya zauna wa iyayensa. Shi ya sa nake kira ga shugabannin ƙungiyoyin teloli su gayyato masu gashin ƙashi su zo taronmu na wata su nuna wa yara yadda ake zama a keke.

Ku kuma iyayenmu da ƙannenmu masu kawo ɗinki, don Allah ku kawo yadinku tun cikin Sha'aban. Wanda ya zo mini da shadda ana saura kwana uku Sallah bana, zan karɓe shi hannu bibbiyu, amma sai bayan hawan Nassarawa zai sa rigarsa.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano.