Sayen suwici biyu ba shi ke hana netwok ɗaukewa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana masu harkar netwok da ogogin da ke sa hannu a fitar da kuɗi, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanaki aka kira ni wani ofis, layi har bakin titi, tsofaffi a rana ana ta ba su haƙuri wai babu netwok. Ina shiga ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ofis, sai ga suwici biyu, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok, sababbi fil, kowace saba da kebul biyu, ɗaya nan ɗaya can, amma ba wanda ya saita su su san da zaman juna, kuma duk biyun a soket ɗaya. Wallahi raina ya ɓaci.

Maganin wannan yana farawa da wata ƙa'idar netwok da ake kira LACP, kuma ba sabon abu ba ne, tun 2000 hukumar IEEE mai tsara irin waɗannan ƙa'idoji ta fitar da shi da sunan 802.3ad, a 2008 ya koma 802.1AX, aikinsa ya ɗaure kebul biyu ko fiye su zama hanya ɗaya, in ɗaya ya mutu sauran su ɗauki kayan. To amma shi suwici ɗaya yake son gani a wancan gefen, shi ya sa in biyu ne dole a saita su su nuna wa saba lamba ɗaya tamkar na'ura guda, abin da kamfanin Cisco ke kira vPC, kamfanin Arista kuma MLAG.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne tsakanin suwicin biyu. Akwai babban layin da suke musayar bayanai, akwai kuma ƙaramin na tambayar kana nan da rai, sai ka ga an bi da su hanya ɗaya don tsimin kebul, ranar da ta yanke kowanne ya ɗauka ɗan uwansa ya mutu ya ce shi ne sarki, daga nan sai rikici. Ga kuma lokaci, in an bar LACP a saitin jinkiri duk daƙiƙa 30 yake gaisawa, yana iya kai 90 kafin ya gane layi ya mutu, na sauri kuwa 3 ne kacal.

Roƙona ga ogogi, kafin ku biya ɗan kwangila ku sa shi ya zare wutar suwici ɗaya a gabanku, ku tsaya ku gani ko aiki zai ci gaba.

Naku,
Wani mai gyaran netwok, Kano