Ƙashin da ya zama dutse: a bar shi inda aka gan shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da makiyaya, manoma da masu haƙar yashi na Arewacin Kamaru da Chadi, tunda su ne ke fara cin karo da ƙasusuwan da suka zama dutse.

A watan Yulin 2001 aka tsinci ƙoƙon kan Tumai, wata daɗaɗɗiyar halitta da masana da yawa ke ɗauka dangin ɗan Adam ce, a Toros-Menalla, cikin hamadar Jurab ta Chadi. Abin da ya fara nuna wa masana cewa ya kai shekara miliyan 6 zuwa 7 shi ne ƙasusuwan dabbobin da ke kwance kusa da shi. Na kifi, kada da dorina kuma suka shaida cewa wurin bakin ruwa ne a da. Da an ɗauke shi an sa a buhu, da wannan shaida ta ɓata. Mu ma a kwarin Kum na Mayo-Rey akwai sawun dinoso, wato wasu dabbobin zamanin da da suka ƙare, na sama da shekara miliyan 100, kuma guduma ɗaya ta isa ta lalata shi.

Irin wannan ƙashi ya fi na yau nauyi, launinsa ya rine, kuma bakin karayarsa na da ƙananan ramuka kamar soso. Wanda ya gan shi kada ya ciro. Ya ajiye tsabar dala ashirin a gefe don a san girmansa, ya ɗauki hoto kusa da nesa, ya rubuta lambobin GPS na wayarsa da ranar. Kada a wanke shi: lakar da ke cikinsa takan sha ruwa ta kumbura, sai ƙashin ya dare. Kada a liƙa karaya da gam, domin cire shi yakan tafi da fatar ƙashin. Idan ambaliya za ta kwashe shi, to a naɗe kowane gutsure daban a takarda. Daga nan a sanar da sashen ilimin duwatsu na jami'a, a Marwa, Ngaundare ko Njamena.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu ba su da ƙaramin littafin Hausa kan duwatsun garinsu: marmaran Figil da ke kumfa idan an ɗiga masa ruwan lemun tsami, dutsen yashin Garwa, da tsaunukan Rumsiki da aman wuta ya bari. Ina roƙon jaridarka ta ware shafi guda kowane wata, malaman duwatsu su riƙa rubutawa, har a tara a buga.

Naka,
Malamin kimiyya, Garwa