Wasiƙa kan tsofaffin kawunan jirgin dizal

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni me ya sa har yanzu nake raba dare ina sauraren ƙugin tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. To, bari in ba ka labarin wanda ya fi kwanta mini a rai.

Deltic ake ce masa, ɗan Birtaniya ne. Kamfanin English Electric ya ƙera guda 22 kacal tsakanin 1961 da 1962, suna jan taragun fasinja daga Landan zuwa Edinbura. Kowanne yana ɗauke da injin dizal biyu, irin waɗanda tun asali aka yi wa jiragen ruwan soja. Ginin injin ne abin kallo: an jera silindojin a siffar kusurwa uku, karanshaf uku (wato sandunan da fistan ke juyawa), kowace silinda da fistan biyu masu tunkarar juna. Injinan biyu a haɗe ƙarfin doki 3,300 ke nan, da gudun mil 100 a awa. Sautinsa kuwa, ko cikin barci na ji shi sai na gane.

A farkon Janairun 1982 aka sallami na ƙarshensu daga aiki. An yanka 16, shida suka tsira. Uku daga ciki suna hannun wata ƙungiya ta masu sha'awa, mutanen da suka haɗa kuɗinsu suka saya, kuma suke shiga baƙin mai suna gyara ba a biyansu. Waɗannan mutane ina ganin girmansu ƙwarai, domin hoto ba ya ƙugi. In aka bar injin ya mutu, an binne shi ne tare da ilimin masu hannu a kansa.

Akwai kuma wani a Amurka, mai lamba 9010, ƙirar kamfanin Krauss-Maffei na Jamus. Shi kaɗai ya rage a jinsinsa, shi ma don an mayar da shi abin ɗaukar hoton layin dogo ne ya kuɓuta daga wuƙa. Masu sa kai a Kalifoniya sun yi shekaru suna farfaɗo da shi.

Don Allah ka nemi bidiyon Deltic yana barin tasha, ka ƙure murya, sannan ka rubuto mini abin da ka ji. A gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka