Wasiƙa zuwa ga Abba kafin ya kama aikin gwajin magani

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma mun gode wa Allah da ya nuna mana ka kammala digiri na uku. Mahaifiyarka ta yi sadakar waina ranar Juma'a. Sai dai maganar aikin da kamfanin magunguna ya ɗauke ka, na kula da gwajin sabon magani a kan yara a ƙasashenmu, ita ce ta hana ni barci, shi ya sa na zaɓi in rubuto, domin a waya kakan tari numfashina kafin in kai aya.

Kada ka ɗauka ina ƙin bincike. Wanda ya sayar da filin Ɗorayi a kan karatunka, duk da abin da Baffanka ya faɗa a lokacin, ba za a kira shi maƙiyin ilimi ba. Na san babu maganin da ke shiga kanti sai an gwada shi a jikin wani. Riga-kafin sanƙarau da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya iso mana a 2011, ya kusan kawar da nau'in da ya fi kashe mana yara a lokacin zafi, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta yi amfani da sabon riga-kafin da ke maganin nau'i biyar. 'Ya'yan wasu aka fara yi wa kafin a yi wa namu, kuma ina yi wa iyayensu addu'a.

Amma kana goye a 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe sama da mutum 10,000 a Arewa, saboda haka abin da ka karanta a takarda mu a garinmu aka yi shi. Ma'aikatan kamfanin Pfizer sun sauka a Asibitin Zana da ke nan Kano, suka ɗebi yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka kurumce, waɗansu jikinsu ya shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma gaskiya ne sanƙarau yana yin haka. Ni ba likita ba ne da zan yanke wannan hukunci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, sannan takardar izinin da aka nuna daga baya ta tabbata cewa bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya. Cikin 'yan makonni baƙin suka koma gida, annoba tana ci. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a kan dala miliyan 75 a 2009, ba a fara biyan diyya ba sai 2011, bayan an yi wa iyalan gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) don a tabbatar da su ne.

Yanzu in zo ga abin da Kawunka Sani ya gaya mini. Ya ce a wajen ɗaurin auren Hadiza, gaban dattawa, ka ce jahilci ne kawai ya sa mutanenmu suke gudun riga-kafi. Abba, wa ya koya maka wannan magana? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano a 2003, har zuwa tsakiyar 2004, an yi kuskure babba, cutar ta bazu har Yaman da Indunusiya, kuma a 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi 9 a cikin garin nan, yawancinsu mata. Sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da nau'inta na asali. Duk wannan na sani, kuma ba ni kāre shi. Amma jita-jitar ta samu wurin zama ne saboda an taɓa cin amanar mutane, kuma wanda zai yi aiki a cikinsu alhali yana kallonsu jahilai, ya fara aikinsa da raini. Kakarka ba ta karanta boko, ita ta raine ka shekara uku, ka tuna.

Babban tsorona ba na za ka yi ƙarya ba ne, na san tarbiyyar da na yi maka. Tsorona shi ne ba iliminka kaɗai suka ɗauka ba, har da harshenka da fuskarka. Uwar da za ta yi ɗari-ɗari da Bature, idan ka durƙusa ka gaishe ta da Hausa, ka tambayi mai jiki, za ta dangwala yatsa a takarda ba tare da ta ji abin da ke ciki ba, domin ta ga ɗan gida. Ɗanta yana zafin jiki a cinyarta, duk abin da ka miƙo magani ne a wurinta. A wannan lokacin babu kwamitin da ke kallonka, babu shugabanka, kai kaɗai ne da ita da Allah, kuma idan abu ya ɓaci masu kamfani suna da lauyoyi da jirgin komawa, kai kuwa a nan za a binne ka, sunan gidanmu za a ambata.

Saboda haka ka gaya mata ƙarara cewa gwaji ne, ba a gama sanin amfaninsa ko illarsa ba. Ka gaya mata tana da ikon ta ƙi, kuma ƙin ba zai hana a duba ɗanta ba. Wannan ka maimaita sau biyu, domin shi ne abin da talaka ba ya yarda da shi. Ka tambayi masu gidanka tun yanzu wa zai ɗauki nauyin yaron da ya samu matsala bayan an tashi, kuma ko iyayen da aka gwada a kan 'ya'yansu za su iya sayen maganin idan ya fito. Ranar da aka matsa maka ka sa hannu a kan kwanan watan da ba shi ba ne, ko ka rage adadin waɗanda suka galabaita, ka ajiye musu aikinsu. Ɗakinka yana nan, kuma abincinka bai taɓa gagarata ba.

Na yi zafi, na sani, amma ban hana ka ba, kuma na sa maka albarka. Abu ɗaya nake nema: idan an fassara takardar neman amincewar iyaye zuwa Hausa, ka aiko mini kafin ku fara. Zan karanta wa Hajiya kakarka, in ce ta maimaita mini abin da ta fahimta, duk inda ta yi tuntuɓe zan ja layi in mayar maka ku gyara. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka aiko da ranar zuwanka saboda ta sa a yi kilishi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka