Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu a Akra

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Kano sai godiya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin an ɗora ka a kan ofishin da ke kula da duk ayyukan ma'aikatarku. Allah Ya sa alheri, Ya taya ka riƙo. Wa ya ga Bazazzage da kujera mai juyawa! To, ka dai tuna da iyayen gidanka Kanawa.

Ka ce ka tarar da ayyuka sama da talatin a kan tebur, kusan kowanne ya wuce wa'adinsa, kuma manyanku na son ka kawo sunan manhajar da za a saya don a shawo kan lamarin. Ka tambaye ni wacce muke amfani da ita a wurinmu. Zan faɗa maka, amma sai can ƙarshe, don ba nan ciwon yake ba. Ka ɗan daure ka karanta.

Kafin komai, ka ajiye jerin ayyukan gefe, ka ɗauko jerin mutane. Ba duka ma'aikata nake nufi ba. A kowace babbar ma'aikata akwai 'yan tsirarun mutane waɗanda babu aikin da zai kai gaci sai ya bi ta hannunsu: jami'in da ke shirya takardun neman 'yan kwangila, lauyan da ke duba yarjejeniya kafin a sa hannu, injiniyan da sai ya je ya gani da ido ya rattaba hannu sannan a biya ɗan kwangila, mai binciken kuɗi da bauca ke kwana a ofishinsa, da yaron nan guda ɗaya tilo da ya san kan na'urorin kwamfuta. Wataƙila ma'aikatanku sun kai dubu, amma waɗannan ba za su wuce goma ko goma sha biyar ba. Kowane shugaban aiki idan ya zauna tsara jadawalinsa, rubutawa yake kamar injiniyan nan nasa ne shi kaɗai. Wannan ya ba shi rabin lokacinsa, wancan ma rabi, na uku ya ce shi kashi ɗaya cikin uku kawai yake so. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowane jadawali idan ka duba shi kaɗai tsaf yake. Sai ranar da wani ya tara su a takarda ɗaya za a ga an rubuta wa mutum guda aikin mutum uku ko huɗu. Wannan tarawar ita ce aikin ofishinka, kuma ina tabbatar maka ba wanda zai yi ta in ba kai ba.

Idan za ka yi lissafin, ka yi da kwanakin gaskiya. Shekara kwana 365 ce, ka cire Asabar da Lahadi 104, saura 261. Ka cire hutun gwamnati, hutun shekara, kwas da ake tura mutum, rashin lafiya, biki da ta'aziyya, da ƙyar za ka tsira da 220. A cikinsu ma ba duka ne na sabon aiki ba, domin akwai hidimar yau da kullum, ga taro da ba ya ƙarewa. Mu nan muna sassauta lissafi a watan azumi, kuma ba ma sa ran aikin ƙasa ko zuba kankare ya yi sauri a Agusta. Ku da ke kudancin Gana damina biyu gare ku, ka san yadda ruwan Yuni yake yi wa Akra, don haka kada ka kwafi jadawalin kowa, yi naka.

Ga inda na fi so ka tsaya ka natsu, domin nan ne za ka fi shan gardama. Shugabanni ba sa son ganin ma'aikaci a zaune. A ganinsu ma'aikata mai kyau ita ce wadda aka cika wa kowa lokacinsa fal, ɗari bisa ɗari. Lissafi bai yarda da su ba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Agner Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na Kofanhegan, ya fara nazarin wannan tun 1909, yana neman sanin layuka nawa ake buƙata don kada masu kira su yi ta jira. Daga aikinsa ne ilimin lissafin jerin gwano ya tsiro. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne wannan: ka ɗauki mutum ɗaya da fayil ke zuwa masa ba bisa tsari ba, yau biyu gobe babu jibi biyar, wani mai sauƙi wani mai wuya. Idan rabin lokacinsa ne a cike, sabon fayil zai jira kwatankwacin lokacin da ake ɗauka a gama fayil ɗaya. Idan kashi 80 cikin ɗari ne a cike, jiran ya ninka huɗu. A kashi 90 ya ninka tara. A kashi 95 ya ninka goma sha tara. Duba tazarar da ke tsakanin 80 da 95: ɗan ƙarin aiki kaɗan aka ɗora masa, amma fayil ɗin da a da zai kwana huɗu yanzu sai ya kusa mako uku. Mutumin bai yi kasala ba, hasali ma ya fi da wahala, shi ne mai fita daga ofis bayan isha'i. Sai a kira shi a yi masa faɗa, a ce shi ke riƙe aiki.

Saboda haka ni a tsarina ba na rubuta wa irin waɗannan mutane fiye da kashi huɗu cikin biyar na lokacinsu. Ragowar ba hutu ba ne, shi ne gurbin da abin da ba a zata ba zai faɗa. Za a ce maka ɓarna ce. Ka nuna musu alƙaluman nan, ka tambaye su nawa ake asara idan ɗan kwangila da ma'aikatansa da injinan haya suka yi mako uku suna jiran sa hannun mutum ɗaya.

Sai babbar cutar, wato fara abin da ba za a iya gamawa ba. Ka san halin tela idan Sallah ta gabato. Duk wanda ya kawo shadda zai karɓa, ya yi maza ya yanka don kada mai ita ya dawo ya ɗauke, daren Sallah kuma a tarar da riguna ashirin kowacce saura wuya ko aljihu, ba wadda za a sa a je Idi. Da biyar ya ɗinka ya gama sannan ya taɓa wasu biyar, da aƙalla wasu sun samu. Haka daraktoci suke yi: kowa na son a ƙaddamar da nasa, a biya kuɗin kafin alƙalami, don ya san da zarar an fara ba mai iya sokewa. Abin bai tsaya a ƙananan wurare ba. A 2011 kwamitin da Shugaba Jonathan ya karɓi rahotonsa, ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu, ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a kammala ba. Ba na cewa babu cin hanci a ciki, akwai. Amma ko da kowa waliyyi ne, idan aka raba kuɗin aiki ɗari ga ayyuka dubu, abin da za a samu kangaye ne.

Maganin ba shi da daɗi. Ka tara manyan a ɗaki ɗaya, ka sa su jera ayyukan daga na ɗaya har na ƙarshe, ba kunnen doki. Za su ce duka na gaggawa ne. Ka ce ka yarda, amma idan biyu suka nemi lauya ranar Litinin da safe, wanne zai fara gani? In ba su yanke ba, wanda ya fi ƙarfin murya ko ya fi kusa da oga shi zai riƙa yankewa kullum. Bayan an jera, sai ka ja layi daidai inda ƙarfin mutanenka ya ƙare. Abin da ke ƙasan layi ba a soke shi ba, jira yake, kuma ba zai shigo ba sai wani ya fita. Ka tabbata shugaban ma'aikata da kansa ne ya sa hannu a jerin, domin in sunanka ne kaɗai a kai, kai za a mayar abokin gaba. Sannan ka bambanta kuɗin da aka amince da shi a kasafi da wanda aka saki. Kada ka ɗaure mutane a kan aikin da kuɗinsa ke takarda har yanzu.

Za su kuma ce a ƙaro ma'aikata. Wani lokaci daidai ne, amma ba a tsakiyar aikin da ya riga ya makara ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci haɗa babbar manhajar OS/360 a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya bayyana a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara ƙara makarar da shi yake yi. Sababbi sai an koya musu, masu koyarwar kuwa su ne ƙwararrun da dama ba su da lokaci. Ga kuma yawan baki: mutum biyar hanyoyin magana tsakaninsu goma ne, mutum goma 45, mutum ashirin 190. Idan za ka ƙara, ƙara a wurin da ake cunkoso, kuma tun kafin wuri ya ƙure. Ka sa wa kowane ɗaya daga cikin 'yan tsirarun nan mataimaki da zai koyi aikin. Wasu za su ƙi, don a ganinsu riƙe sirrin aiki shi ne riƙe kujera. Wannan sai da lallashi.

Abin da nake yawan ba matasanmu misali da shi shi ne Ebola ta 2014. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar. Garin da ya fi ko'ina cunkoso a ƙasar nan, duniya ta ɗauka shi ke nan. Amma tun 2012 an kafa cibiyar ayyukan gaggawa ta yaƙi da shan inna a Abuja, da mutanen da suka saba bin gida gida, da tattara bayanai kullum, da zama teburi ɗaya da hukumomi daban daban. Sai aka ɗauko Dakta Faisal Shuaib daga can, da wasu abokan aikinsa, aka kafa irin wannan cibiya a Legas. Suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, kowanne ana duba shi har kwana 21. Cutar ta kai Fatakwal, amma a mutum 20 ta tsaya, takwas suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana mutumin farko barin asibiti. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Abin lura a wurina shi ne an san su wane ne suka iya aikin, an san inda suke, kuma akwai mai ikon cewa ku bar wancan ku zo nan. A yawancin ma'aikatunmu, kafin a gano wa ya iya me, kuma daraktansa ya yarda ya ba da aronsa, an yi wata guda ana musayar takarda.

Wani gargaɗi. Idan ka fara tambayar mutane yadda lokacinsu ke tafiya, za su ɗauka kora ake shiryawa, kowa zai rubuta maka awa takwas cif. Ka fara da waɗanda aiki ya fi danne wa, ka sauke musu wani abu a makon farko, labari zai bazu da kansa. Kuma kada ka nemi lissafin minti minti. Ka tsara wata uku masu zuwa dalla dalla da sunayen mutane, abin da ya wuce haka a bar shi a dunƙule, injiniya biyu, akanta ɗaya, ana sabuntawa duk wata.

To, batun manhaja. Masu manyan gine-gine sun fi amfani da Primavera, wasu kuma Microsoft Project. Dukansu suna iya nuna maka wanda aka lafta wa fiye da ƙarfinsa, in an ba su bayanan gaskiya. Mu da Excel muka fara, sunayen mutane a gefe, watanni a sama, duk gidan da ya haura kashi 80 ya koma ja. Ka yi wata shida da wannan tukuna. Idan manyanku suka iya zama su kalli jan gida su jinkirta aikin wani darakta, to sai a sayi mai tsada. In ba su iya ba, ka rage wa ma'aikata asarar kuɗin lasisi.

Ka aiko min da jerin mutanen nan idan ka haɗa, ba sai da sunaye ba, muƙamai sun isa, mu duba tare ta waya wani daren Asabar. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran atamfar da ka yi mata alkawari. Alhaji Ƙarami ya aurar da 'yarsa ta fari, an yi ta tambayar ka a wurin ɗaurin aure, ya kamata ka kira shi ka yi masa Allah Ya sanya alheri. Ka gaishe min da uwargida da yara, da mutanen Nima baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Lawan