Lambobin da ke cikin wayarka amanar mutane ce

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya na sauke wata manhajar sada zumunta. Kafin ta buɗe sai ta nemi izinin shiga jerin lambobin wayata, ni kuma na danna "na yarda" ko karantawa ban yi ba. Washegari ta jero min mutanen da take ganin na sani, har da wani makanike da ya gyara min mota sau ɗaya tak, shekaru da dama da suka wuce. Nan jikina ya yi sanyi, domin a cikin jerin nan akwai lambar mahaifiyata, wadda ba ta taɓa buɗe shafi a ko'ina ba. Ni na miƙa lambarta da hannuna, ba wanda ya nemi yardarta.

Mutane kan ce, "Ni ba ni da abin ɓoyewa." To, ai ba kai kaɗai ake ɗauka ba. A badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfani mai ba 'yan siyasa shawara, wadda ta fasu a 2018, mutum kusan 270,000 ne suka yi wani wasan tambayoyi a Facebook, amma ta kansu aka kwashi bayanan abokansu, har Facebook da kansa ya ƙiyasta mutum miliyan 87 abin ya shafa. A 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Tara kam an ci, amma bayanan da suka fita ba a mayar wa masu su ba.

Kuma ba abin da ka rubuta kaɗai ake tarawa ba. Daƙiƙa nawa ka tsaya kan bidiyo, inda kake, irin wayarka, ƙarfe nawa kake shiga, duk ana lissafawa, da su ake yanke shawarar tallan da za a nuna maka. Ko a WhatsApp da saƙonni ke kulle tsakanin mai aikawa da mai karɓa, lambarka da bayanan wayarka ba ɓoyayyu ba ne ga kamfanin. Dokar Tarayyar Turai ta kare bayanai ta fara aiki tun 2018, har Ireland ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar yuro biliyan 1.2 a 2023 kan kai bayanan Turawa Amurka.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi ku nuna wa masu karatu dalla-dalla yadda ake janye izinin lambobi, kyamara da wurin da mutum yake daga saitin waya. Ni na janye nawa, amma har yau makaniken nan yana fito min.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku