Amsa ga malamin da ya tambayi abin da ya kai man teku Kolmani da Agadem

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tambayar da ka yi mana a bainar jama'a ta iso. Ka ce kana koya wa ɗalibai cewa ɗanyen mai da iskar gas daga lakar ƙarƙashin teku suke samuwa, sai wani yaro ya ce, to wane teku ne a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, ko a Agadem cikin hamadar Nijar? Ka kuma so sanin ko gaskiya ne mai yana gudu a ƙarƙashin ƙasa kamar kogi, har wata ƙasa ta zuƙe na maƙwabciyarta. Allah ya yi wa yaron nan albarka, domin tambayarsa ta isa gindin maganar.

Asalin mai ƙananan halittu ne masu yawo a saman ruwa, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu. In sun mutu sai su nutse. Yawancinsu ana cinye su ko su ruɓe a hanya, abin da ke binnuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ɗan ragowar ma ba ya tsira sai inda ruwan ƙasa ya rasa iskar oksijin, kamar yadda Bahar Aswad yake a yau ƙasa da zurfin mita 200, ko inda laka mai laushi ke zubowa da sauri ta rufe shi. Idan lakar ta daskare ta zama dutse, akan auna sinadarin kabon na halittu da ke cikinta. Wadda ba ta kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, ba a sa mata rai. Daga kashi 2 zuwa sama, an samu uwar mai ta kirki, baƙa wuluk.

A sama-sama, cikin 'yan ɗaruruwan mitoci na farko, ƙananan halittun da ke rayuwa ba oksijin su ne ke aiki, suna fitar da iskar metan. Abin da suka bari yana dunƙulewa ya zama wani abu mai tauri da ake kira kerojin, wanda ba ya narkewa kuma ba ya motsi. Daga nan sai aikin zafi. Duk kilomita guda da aka nutsa, zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 na Salshiyas. Tsakanin digiri 60 da 120, wato galibi zurfin kilomita 2 zuwa 4, kerojin yana farfashewa ya ba da mai. Da an haura 150, man da kansa yana tsinkewa ya koma gas. Da an wuce 200 da nisa, girki ya ƙone, sai baƙin kabon. Kuma girki ne na miliyoyin shekaru a kan wuta ƙasa-ƙasa.

Irin kayan da aka zuba a tukunya shi ma yana yanke hukunci. Gansakukar teku mai take bayarwa. Ganyaye da itatuwan da koguna suka kwaso daga tudu sun fi ba da gas. Kogin Kwara da na Binuwai sun daɗe suna jibge kayan daji a bakin teku, shi ya sa gas ɗin Najeriya ya haura kubik-fit tiriliyan 200.

Yanzu ga tafiyar. Laka sabuwar zuba kusan kashi 70 cikin 100 nata ruwa ne. Nauyin da ke hawa kanta yana matse ta har ramukan cikinta su ƙanƙance, ruwa ma da ƙyar yake ratsawa. To ta ina mai zai fita? Ka dubi mai ƙuli-ƙuli: tana juya tunkuza da ɗumi, tana matsa, har mai ya tsattsafo. Kerojin da ya zama mai da gas yana buƙatar wuri fiye da da, sai matsi ya hau har dutsen ya yi 'yan tsage-tsage siraran da ba su kai gashi ba. Mai ya fita, matsi ya sauka, tsagar ta rufe, a sake daga farko. Da haka yake kutsawa 'yan mitoci har ya faɗa shimfiɗar yashi mafi kusa.

A cikin dutsen yashi akwai sarari tsakanin ƙwayoyi, a Neja-Delta yakan kai kashi 15 zuwa 35 cikin 100 na girman dutsen, kuma cike yake da ruwan gishiri. Mai ya fi ruwan nan rashin nauyi, lita guda ba ta cika wuce giram 800 zuwa 900 ba, don haka sama yake nema, kamar man shanu a kan nono. Amma ba ya tafiya salin-alin. Kowace ƙwayar yashi jiƙe take da ruwa, kuma ɗigon mai ba ya shiga matsatsiyar ƙofar da ke tsakanin ƙwayoyi sai an tura shi. Sai ɗigo ya haɗu da ɗigo, zaren man ya yi tsawo, ƙarfin tasowarsa ya rinjayi ƙofar. Yana bin saman shimfiɗar yashin ta inda ta karkata sama, a siraran hanyoyi, yana barin wani abu a manne duk inda ya bi.

Yana tsayawa ne inda ya ci karo da murfi, wato laka mai tauri ko gishirin dutse, a siffar da ta hana shi kewayewa. Ka kifa ƙwarya cikin ruwa, iska ta maƙale a ƙarƙashinta, siffar ke nan. A can ciki gas ke sama, mai a tsakiya, ruwa a ƙasa. A Neja-Delta jerin a bayyane yake. A ƙasa akwai lakar teku da ake kira Akata, mai kaurin da yakan kai mita 7,000. A kanta Agbada, yashi da laka bi da bi, inda yawancin man yake. A sama yashin Benin mai ruwan daɗi. Nauyin yashi a kan laka mai taushi yana sa ƙasar ta zame ta nufi teku, ta tsage, shimfiɗun su lanƙwashe kusa da tsagar su yi ƙwarya. Tsagar nan fuska biyu gare ta: wani wuri hanya ce da mai ke hawa, wani wuri laka ta shafe ta ta zama bango. Daga Oloibiri, inda aka fara samun mai a 1956, har filin man Bonga, mai nisan kilomita 120 cikin teku a ruwan da ya wuce zurfin mita 1,000, labarin ɗaya ne.

Inda abin ke ɓaci ya fi inda yake gyaruwa yawa, kuma muna roƙon ka tsaya wa ɗalibai a nan. Murfi yakan tsage, mai ya tsiyaye zuwa sama. Idan ya taru inda zafi bai kai digiri 80 ba, bakteriya suna cinye sassansa marasa nauyi su bar kwalta, irin wadda ke Agbabu a jihar Ondo. Wani lokaci ƙwaryar ba ta kifu ba sai bayan man ya wuce, a haƙa a tarar da siffa mai kyau cike da ruwa. Sannan akwai haɗarin matsi. Lakar da aka binne da gaggawa ruwanta bai samu fita ba, don haka yana ɗauke da nauyin da ke kansa. Masu haƙa suna danne shi da taɓon haƙa, wanda ake ƙara wa nauyi da garin dutsen barayit irin na Azara a jihar Nasarawa. In taɓon ya yi rashin nauyi, rijiya ta yi aman gas. In ya yi nauyi da yawa, ya fasa dutsen ya zurare, a dawo cikin haɗarin farko. Rijiyar Funiwa ta ɓarke a gaɓar Najeriya a 1980, ta Makondo a tekun Meziko a 2010 ta ci ran mutum 11.

Sai maganar Kolmani. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage daga bakin teku ta bi kwarin Binuwai har yankin Cadi da gabashin Nijar. Kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce teku ya cika, ruwa ya shigo ta kudu da ta arewa, ya ratsa inda Sahara take yanzu. Shaida tana nan. A dutsen simintin Ashaka ana tono bawon halittun teku masu naɗi kamar ƙahon rago. A Sakkwato, inda teku ya sake shigowa daga baya, dutsen Kalambaina ma na teku ne, kuma an samu ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai kama da kada da masana suka raɗa wa suna daga garin Goronyo. A Agadem lakar teku mai suna Yogu ita ce babbar uwar man, yashin Sokor na ƙasa shi ne ma'aji, lakar Sokor ta sama ita ce murfi. Komai ya haɗu a kan lokaci, shi ya sa matatar Zinder mai iya tace ganga 20,000 a rana ke aiki tun 2011, kuma bututu mai kusan kilomita 2,000 ke kai man gaɓar Jamhuriyar Benin tun 2024. Ka kuma gyara wa ɗalibai abu guda: man Doba a Cadi daga lakar tsoffin tafkuna ya fito, ba kowane mai ne na teku ba.

A ɓangaren Najeriya na tafkin Cadi an haƙa rijiyoyi 23 ba a samu na kasuwa ba, sai alamun gas. A Kolmani rijiyar 1999 gas ta nuna, NNPC ta sanar da samun mai a 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022. Ra'ayinmu shi ne kada a koya wa yara cewa ganin mai a rijiya ɗaya arziki ne a hannu. Sai an haƙa wasu a gefe, an auna faɗin ma'ajin da yawan gangar da yake bayarwa a rana ba tare da matsi ya faɗi ba.

Batun zuƙewa kuwa, ka kwantar da hankalinsu. Mai a cikin ramukan dutse yake, kamar ruwa a soso. Rijiya ɗaya ba ta janyo shi sai daga 'yan ɗaruruwan mitoci zuwa kilomita ɗaya ko biyu, kuma a matsakaici wajen kashi ɗaya cikin uku ake iya fitarwa. Rijiyoyin Agadem sun fi kilomita 100 daga iyakar Najeriya, tsakani akwai tsage-tsage da bangayen laka. Inda ake jin ma'aji zai ratsa iyaka yarjejeniya ake yi, kamar ta Najeriya da Sao Tome ta 2001, kashi 60 da 40.

In kana son su gani da ido, samo gorar ruwa ta roba guda uku. Ta farko ka cika ta maƙil da tsakuwa, ka zuba ruwa, ka ƙara cokali uku na manja mai ɗumi, ka rufe ka kifa, za su ga jan yana hawa. Ta biyu ka sa yashi mai laushi, manjan zai maƙale kusa da baki. Ta uku ka sa tsakuwa da ruwa zuwa rabi, ka danna yumɓu mai kaurin yatsa biyu ya manne da bango ko'ina, ka cika da tsakuwa da ruwa da manja, ka kifa. Manjan zai taru a ƙarƙashin yumɓun. In ya ɓulla sama, ku nemo tare ta inda murfin ya yi ƙofa.

Allah ya ƙara basira, a gaishe mana da ɗalibai.

Daga 'yan'uwanka masu nazarin duwatsu da albarkatun ƙasa.